In kana kaɗa jita kuma kana son fara mandolin, ga yadda za ka ɓullo mata

Duk wanda ya taso yana kallon fina-finan Indiya ya san sautin mandolin ko da bai san sunanta ba, wannan ɗan siririn kiɗan da ke karkarwa a bayan waƙa kamar yayyafi a kan kwano, to ita ce. Ni ma a can na fara jin ta, kuma na yi shekaru ina kaɗa jita kafin ta zo hannuna. Ranar farko da na riƙe ta na ɗauka 'yar ƙaramar jita ce kawai, na kama kod ɗin G, wato haɗin muryoyin da ake bugawa tare, yadda hannuna ya saba, abin da ya fito ko kusa bai yi kama da G ba. Shi ya sa ɗan'uwa tun kafin mu yi nisa nake so ka riƙe magana ɗaya, mandolin ba ƙanwar jita ba ce, dangin goge ce, gogen turawa da ake cewa bayolin, saitinsu ɗaya sak. In ka yarda da haka tun ranar farko za ka huta, in kuwa ka dage sai ta yi maka halin jita za ka ɓata watanni kana kokawa da ita.

Bari mu fara da saitin tunda shi ne tushen komai. Tsirkiya takwas gare ta amma bibbiyu suke tafiya, kowane biyu murya ɗaya, kenan a wajen kiɗa huɗu ne, daga mai kauri zuwa siririya G, D, A, E. A ɗin nan ita ce A 440 da kowace na'urar saiti ta sani. Yanzu duba jitarka, wayoyi huɗu masu kauri E, A, D, G ne ko? To karanta su ta baya, G, D, A, E. Ka ga kenan mandolin kamar an ɗauki ƙasan jita ne an kifa shi an kuma ɗaga muryar sama sosai. A jita in ka danna firet na 5, wato gaɓa ta biyar cikin ƙarafan da ke jere a wuyanta, za ka samu muryar wayar da ke biye, in ban da tsakanin G da B da yake firet na 4 ne, wanda shi ne ke sa tsarin yatsu ya karkace kullum in ka iso wurin. A mandolin firet na 7 ne ko'ina, babu wata waya mai halin kanta, kuma wallahi wannan shi ne babban daɗinta, duk abin da ka koya a kan wayoyi biyu za ka iya ɗaukarsa cak ka kai kan na gaba ya zauna daram.

Akwai wata dabara da za ta zo maka a rai, ta zo wa kusan kowane mai jita, wai me zai hana ka saita ta D, G, B, E kamar siraran wayoyin jita ka ci gaba da kod ɗinka da ka sani. Dan Allah kar ka yi. Kaurin wayoyin ba don wannan saitin aka yi shi ba, wasu za su ɗaure fiye da kima wasu su saki, muryarta ta buɗe ɗin nan za ta tafi, sannan duk wani darasi da za ka gani a YouTube ko a littafi ba zai yi maka amfani ba. Sati biyu na haƙuri ya ishe ka sabawa da na asalin.

Wajen saita ta kuma ga yadda nake yi, ina saita waya ɗaya daga cikin biyun da na'ura ko manhajar waya, in danne abokiyarta da yatsa don kar ta rikita na'urar, sannan ta biyun in daidaita ta da kunne. In ba su haɗu ba za ka ji sautin yana wani kaɗawa wawawa, kana matsowa kaɗawar tana raguwa har ta ɓace, to a nan za ka tsaya. Kullum ka hau zuwa muryar daga ƙasa, in ka wuce ka sassauta ka sake hawa. Kuma ka yi a hankali da E, siririya ce kuma a ɗaure take tamau, ni ta farko da na tsinka a wajen saiti ne ba a wajen kiɗa ba. Sai ka zagaya sau biyu ko uku domin kana ɗaure wannan waccan tana saki.

To kod fa? A nan ne jitarka za ta yi maka rana. Tunda saitin a kife yake, kod ɗin da ka sani a wayoyi huɗu masu kauri na jita in ka juya shi ya zama na mandolin. Zan rubuta lambobin firet daga G zuwa E, sifili na nufin waya a sake. G na jita a ƙasa 3-2-0-0 ne, juya shi, 0-0-2-3, shi ne G na mandolin, yatsa biyu kacal. C shi ne 0-2-3-0, ka lura siffar G ɗin ce aka matsar da ita waya ɗaya. D kuma 2-0-0-2. E maina 0-2-2-0, ko ka juya ko kar ka juya ɗaya ne. E manjo 1-2-2-0. Da G da C da D kaɗai za ka raka waƙoƙi masu yawan gaske a daren farko. Amma dabarar tana da iyaka, misali A maina na jita in ka juya za ka samu 2-2-0-0, wanda ba maina ba ne ba manjo ba, domin muryar da ke rarrabe su tana kan wayar B ta jita wadda babu ita a nan, cikakken A maina shi ne 2-2-3-0, A manjo kuma 2-2-4-0. Shawarata ka yi amfani da juyin nan kamar sandar da ake ba mai koyon tafiya, sati ɗaya ko biyu ka ajiye shi, don in kullum sai ka yi lissafi a ka ka juya kafin ka danna, waƙa ba za ta jira ka ba.

Hannun hagu shi ne inda masu jita suka fi shan wahala kuma ba su san dalili ba. Tsawon tsirkiyar jita daga sama zuwa jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke hawa, wajen santimita 65 ne, na mandolin wajen 35, kusan rabi kenan, firet ɗin a matse suke. A jita an koya mana yatsa ɗaya firet ɗaya. A nan yatsa ɗaya firet biyu yake kula da su, manuni yana da 1 da 2, na tsakiya 3 da 4, na zobe 5 da 6, ƙaramin yatsa kuma 7. In ka tsaya a kan na jita za ka ga kana ta tsalle da hannu sama da ƙasa a kan abin da ya kamata ka yi a wuri ɗaya. Sannan riƙon ma daban ne, kar ka kafa babban yatsa a tsakiyar bayan wuya kamar mai kama barre, wato danne duk wayoyi da yatsa ɗaya, bar wuyan ya zauna tsakanin babban yatsa da gindin manuni, yatsun su ɗan kwanta suna kallon wajen jaki kamar na mai goge, da kansu za su miƙa su kai firet na 7. Ka danna daf da bayan ƙarfen firet da kan yatsa, kuma ka tabbata wayoyin biyu duk sun danne, in ɗaya ta tsere za ka ji zizz. Kantar da ka yi a jita za ta taimaka amma ba za ta hana ka jin zafi ba, waya biyu sirara masu ɗauri suna yanka a wani wuri daban, minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar.

Ga abin da za ka fara gudu a kai. A wayar G danna 0, 2, 4, 5, ka koma D ka sake 0, 2, 4, 5, shikenan ka yi sikel ɗin G manjo cikakke, do re mi har sama. Fara daga D ka ƙare a A da lambobin nan dai, D manjo kenan. Fara daga A ka ƙare a E, A manjo. Lamba huɗu, sikel uku, ka faɗa min inda jita ta taɓa yi maka wannan sauƙin. In kana so ka ci gaba da G zuwa sama, a A ka yi 0, 2, 3, 5, a E kuma 0, 2, 3.

Kuma tunda yawancin kiɗanmu na gargajiya, da na garaya da gurmi da kuntigi, har da salon jitar Abzinawa na Agadas, a kan muryoyi biyar suke yawo, ga wanda zai fi shiga kunnenka nan take, 0, 3, 5 a wayar D, sai 0, 3, 5 a wayar A. Yi ta maimaita shi kana barin wayar G ko D a sake tana amo a ƙasa, za ka ji wani abu da ka sani yana fitowa. Ni a nan ne mandolin ta fara zama tawa, ranar da na daina neman waƙoƙin turawa a cikinta na ɗauko wata tsohuwar waƙar daka da nake ji tun ina yaro na lalubo ta da kunne. Ka gwada da duk waƙar da ke bakinka, wadda ka iya rerawa ba tare da tunani ba, ita ce za ta koya maka wuyan nan fiye da kowace takarda.

Yanzu hannun dama, wanda a gaskiya shi ne mandolin ɗin, kuma a nan nake so ka fi ba da lokaci. Na farko ka ajiye wannan lallausan fik ɗin na jita, wato ɗan abin da ake bugun waya da shi. Waya biyu masu ɗauri za su lanƙwasa shi, sautin ya fito kas kas ba nama. Nemi mai kauri, milimita 1.2 zuwa 1.5, in son samu ne babba mai kusurwa uku da baki mai ɗan zagaye. Riƙe shi sako-sako tsakanin babban yatsa da gefen manuni, iya yadda ba zai faɗi ba, in ka matse shi wuyan hannunka zai ƙage kuma gudu ya ƙare. Duk bugu ɗaya dole ya ratsa wayoyin biyu, masu jita sukan taɓa ta saman kawai su ɗago, sai sautin ya fito rabi. Ka tura fik ɗin ya wuce ta cikinsu har ya kusa jingina da na gaba. Motsin daga wuyan hannu yake fitowa ba daga gwiwar hannu ba, kamar kana yarfe ruwa bayan wanke hannu amma ƙarami. Sannan ƙa'idar ƙasa-sama, duk inda ƙafarka ta taka ƙasa fik ma ƙasa, tsakani kuma sama, ko da ka canza waya kar ka karya wannan, da farko zai yi maka kamar takura amma shi ne zai riƙe maka lokaci in gudu ya zo.

Karkarwar nan da na faɗa a farko sunanta tiremolo, kuma ba ado ba ce kawai, larura ce. Jita in ka buga murya tana daɗewa tana amo, mandolin kuwa tana fitowa tana mutuwa, to in waƙa tana buƙatar doguwar murya dole ka yi ta bugun ƙasa-sama da sauri don ta ci gaba da rai. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya ɗaure hannu ya yi ta rawar ɗari, minti ɗaya ya gaji. Ka kunna metironom, wato manhajar da ke ƙyas ƙyas tana riƙe lokaci, a wayarka a 60, kowane ƙyas ka yi bugu huɗu a wayar A a sake, ƙasa sama ƙasa sama, ka saurara ko na saman yana da ƙarfi daidai da na ƙasan, galibi ba shi da shi. Sai sun daidaita za ka ƙara gudu da kaɗan kaɗan. Ka ɗan karkata fik ɗin don gefensa ya zame a kan waya maimakon ya sare ta. Wannan abu ne na watanni ba na kwanaki ba, amma ranar da ya saki za ka sani.

Akwai kuma bugun da masu kiɗan bulugiras na Amurka suke cewa cop, wanda Bill Monroe mutumin jihar Kentucky ya yi suna da shi. Ana kama kod wanda babu waya ko ɗaya a sake, misali G a 7-5-2-3, a buga da ƙarfi a sassauta yatsu nan take sai ya fito cak kamar an mari kalangu. Zai miƙar maka da ƙaramin yatsa har ka ji kamar ba zai kai ba, kar ka fara da shi a satin farko, amma ka sa shi a gaba.

Maganar wacce za ka saya. Asalin mandolin ta zamani daga birnin Naples na Italiya ne a ƙarni na 18, mai baya kamar ƙoƙo, iyalin Vinaccia na cikin waɗanda suka shahara da ƙera ta. Tana da daɗin murya amma tana zamewa a ciki in ba ka saba ba, kuma tsofaffin da ake samu a gwanjo sau da yawa wuyansu ya riga ya lanƙwashe, ba sa jure wayoyi masu kauri. Mai shafaffen baya da ka fi gani yanzu daga Amurka ta fito, Orville Gibson na garin Kalamazoo ya yi rajistar tsarinsa a 1898, sannan Lloyd Loar ya fito da samfurin F-5 a kamfanin Gibson a 1922, wanda har yau shi ake kwaikwayo. Iri biyu za ka tarar, A mai siffar ɗigon ruwa, da F mai wannan naɗin a kafaɗa. Naɗin kwalliya ce, wahalar sassaƙa shi ake caje ka, in kuɗinka a ƙirge suke ɗauki A ka samu katako mai kyau da kuɗin da za ka ba wa ado. Samfurin Kentucky da na Eastman suna da na masu farawa da aka sani da inganci. Abin da za ka tambaya shi ne ko fuskar katako ne tsantsa ko kuwa falawud ne aka manna, na tsantsa ya fi murya nesa ba kusa ba.

Amma ko wacce ka samu, gyaran saitinta ya fi sunan kamfanin muhimmanci, kuma masu araha kusan duk a karkace suke zuwa. Tawa ta farko wayoyin sun yi sama har na ɗauka hannuna ne ba shi da ƙarfi, ashe jaki ne aka bari a ɗage. Jakin mandolin, wato katakon da tsirkiyoyi ke hawa, ba a manne yake ba kamar na jita, ɗaurin wayoyi ne kawai ke riƙe shi. Saboda haka kar ka taɓa cire wayoyi takwas a lokaci ɗaya, zai faɗi ka rasa wurinsa, ɗaya bayan ɗaya ake canzawa. Yawancinsu suna da wasu 'yan ƙafafun ƙarfe biyu da ake murzawa a ɗaga ko a sauke, ka sassauta wayoyi tukun kafin ka murza, tazarar waya da firet na 12 ta zama wajen milimita ɗaya da rabi a gefen G, a gefen E ta ɗan fi haka ƙasa. Don ka san ko jakin yana wurinsa, buga waya a sake sannan ka danna firet na 12, na'ura ta nuna harafi ɗaya daidai. In na 12 ya haura, ja jakin baya wajen gindi, in ya gaza, tura shi gaba wajen wuya, kaɗan kaɗan. In kuma firet na 1 ne ke da tauri to matsalar a can sama take inda wayoyin ke kwanciya a tsaga, wannan kai wa mai gyaran jita ya ɗan zurfafa, kar ka sa wuƙa da kanka.

Wayoyinta ba irin na jita ba ne, ƙarshensu zobe ne da ake ratayawa a ƙugiya, ba ɗan dunƙulen ƙarfe ba. Matsakaita suna farawa daga 11 zuwa 40, kamar D'Addario EJ74, marasa nauyi kuma 10 zuwa 38, kuma da marasa nauyin nake ba mai farawa shawara. A shagunan kayan kiɗa na nan arewa ba kullum ake samunsu ba, in ka samu ko za ka yi oda ɗauki fakiti biyu ko uku lokaci ɗaya. Ka kuma nemi maɗauri ka rataya ta ko a zaune kake, in ba haka ba hannun hagu ne zai koma riƙe ta maimakon kiɗa, sannan ka ɗan nisanta bayanta daga cikinka, in ka manne ta muryar tana shaƙewa, gwada ka ji bambancin da kunnenka.

Sai hunturu, wannan kam ya shafe mu kai tsaye. Katakon nan siriri ne kuma yana ɗauke da nauyin waya takwas, an ƙera shi ne don iska mai ɗan laima, to in buji ya taso daga Disamba zuwa Fabrairu iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya ita ce ke fasa fuskar mandolin. Alamar farko za ka ji bakin ƙarfen firet yana kartar hannu, ko wayoyi sun sauka suna zizz. Ka ajiye ta cikin akwatinta a rufe, ka samu ɗan soso ka jiƙa ka matse sosai ka sa a robar sabulu da ka huda, ka ajiye a cikin akwatin inda ba zai taɓa katako ba, duk kwana biyu ka duba. Lokacin zafi kar ka bar ta a mota, gam ɗin yana narkewa, da damina kuma ka riƙa goge wayoyi da tsumma bayan kiɗa saboda tsatsa.

In ka yi wata ɗaya haka ka nemo abokinka mai jita ku zauna. Abin da za ka kiyaye shi ne kar ka yi abin da yake yi, in ku biyu kuna ta sharar kod iri ɗaya muryarka mai kaifi za ta rufe shi a banza. Bar masa ƙasa da cikon kod, kai ka ɗauki waƙar kanta a wayoyin A da E, ko in mai waƙa yana rerawa ka riƙe murya ɗaya ko biyu da tiremolo a hankali a bayansa, ko ka riƙa sa cak ɗinka a bugu na 2 da na 4 a matsayin ganga. Ku fara da G, C, D a hankali, ku ɗauki sautin a waya, ka saurara daga baya ka ji ko bugunka na sama ya kamo na ƙasa.